Gefen da Ɗinki Ya Kwanta

A wani ƙauye kusa da Faru na tashi, a gaban kakata ta wajen uba, Kaka Tumba. Ba ta taɓa mallakar keken ɗinki ba. Da allura take haɗa bargo, daga ƙyallayen da teloli ke zubarwa. Duk mai zuwa kasuwar Maradun sai ta bi shi da buhu, ta ce ya roƙo mata guntaye. Idan ɗari ya shigo, da an kwashe tuwo ba ta barin wutar murhu ta mutu. Takan ɗebi garwashi ta zuba a dutsen guga, mu kuma mu kewaye sauran, ni da yayana Lawali da yaran maƙwabta.

Ba ta iya tatsuniya hannu sake ba. Sai ta kife abin da ta ɗinka da rana a kan tabarma, bayansa ya koma sama. Duk inda ƙyalle biyu suka haɗu, leɓe biyu ne a tsaye. Ta kwantar da su gefe guda da babban yatsa, ta bi da guga. Muryarta a dushe take, irin ta wadda ta yini a tsaye.

"Ga ta nan tahe, ku matsa mata," in ji ta. Mu ce mun matsa.

Wata tsohuwa ce ta rasu ta bar 'ya'ya mata biyu, ba gona ba akuya, sai tulin ƙyallaye. Suka raba, kowacce ta haɗa bargo. Babbar ta ce ita ba za ta danne wani ƙyalle da wani ba, sai ta ware kowane ɗinki, leɓe ɗaya dama, ɗaya hagu. Bargonta ya fito sumul, har daga wasu garuruwa ana zuwa kallo. Ƙaramar ta kwantar da nata gefe guda, ya yi tudu-tudu, aka yi ta yi mata dariya. Ana nan sai Sanyi ya shigo gari neman masauki. Ya je ga bargon babbar, ya tarar da zare tsirara tsakanin ƙyallaye, ya zura yatsa ya shige. Kafin gari ya waye audugar cikin bargon ta fara leƙowa. Ya koma ga na ƙaramar, ya laluba nan, ya laluba can, ko'ina ƙyalle ya rufe ɗan'uwansa. Ya yi tsaki ya wuce. Babbar kuwa rarrafowa ta yi ta shige bargon ƙanwarta.

"Nan ta tsaya," in ji Kaka, tana hura garwashi tana kallona. "Abu biyu ba su zama ɗaya sai wani ya kwanta. Kuma wajen ƙyalle mai duhu za ki kwantar, ɗiyata, shi ka iya ɓoyewa."

Wannan magana na ɗauka na tafi da ita gidan miji a Talata Mafara, inda na sayi keke na kama sana'ar ɗinki. Kaka ta rasu, Baba ya bi ta. Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, ƙofata aka nufa: Inna, da matar ƙanenmu wanda aka kashe a gona, da 'ya'yanta. Lawali yana Bakura yana noman shinkafa. Ya zo ya yi jaje, ya dube ni ya ce, "Hadiza, ke kin fi ni haƙuri. Su zamna wajenki tukuna."

Tukuna ɗin nan ya ci shekaru. Yakan aiko da buhun shinkafa, ba zan ci amanarsa ba. Amma buhu ba ya wanke tsohuwa. Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki, sai an juya ta, sai an ba ta a baki. Yara na tashi, ga makaranta, ga rashin lafiya. Mijina kuwa na ga ya fara daɗewa a waje. Nakan tashi da ciwon baya in kwanta da shi. Idan raina ya ɓaci in ce wa kaina ai ni ce mai duhun.

Wata rana ina haɗa wa Inna bargo da ragowar yadin mutane, allurar keke ta karye. Na sa wata, ta sake karyewa a wuri ɗaya. Da na juya bayan, sai na ga duk layukan na kwantar da su waje guda, mahaɗar ta yi ƙullutu kamar ƙwallon goruba. A nan na tuna abin da hannun Kaka ke yi yayin da bakinta ke tatsuniya. Idan ta goge layi ɗaya zuwa dama, na gaba hagu take kai shi, don su shiga juna a mahaɗa. Ba ta taɓa sa wannan a labarin ba. Ko ta ga mun yi ƙanƙanta, ko kuwa ita ma ba ta samu wanda zai karɓe ta ba, Allah ne masani.

Na hau mota zuwa Bakura. Bayan mun gama gaisuwa na ce, "Yaya, na gaji."

Ya ce, "Mi kike so in yi?"

"Inna ta zamna wajena. Yaran da uwarsu su dawo wajenka."

Ya ce ba shi da ɗaki. Na ce ni ma ba ni da shi ranar da suka zo. Ya miƙe ya koma gonarsa. Na koma gida ina jin kamar na zubar da mutuncina a banza. Sai bayan girbi na ji yana buga bulon ƙara ɗaki.

Yanzu nakan ware ɗinki idan yadin mai kauri ne, nakan kwantar idan na bargo ne. Ban ce Kaka ta yi ƙarya ba. Rabin maganar ta faɗa, ta bar rabin a hannunta, ni kuma kunne kawai na kai.

Ranar da Lawali ya zo ya kwashe yaran da uwarsu, gidan ya yi tsit. Bayan azahar na ce bari in ɗan miƙe baya a tabarma kusa da gadon Inna. Ban farka ba sai da rana ta yi ja. Maƙwabciyata ce ta gaya mini wata mata ta zo karɓar ɗinkinta, ta yi sallama har tsakar gida. Inna, wadda sai da ƙyar take haɗa kalma, ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ce mata, "Gobe."