Jan Saƙo a Tsakiyar Girbi

Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da Baba, na tattara kwamfutata na koma ƙauyenmu, gaba da Dawakin Tofa kaɗan, don in tsaya a kan girbin gero. Aikina rubuta manhaja ne, a wani ɗan kamfani a Kano da ke yi wa 'yan kasuwar hatsi manhajar duba farashi. Oga ya yarda in riƙa aiki daga gida. Mutum ɗaya ne ya nuna bai so ba, abokin aikina da teburinsa ke jikin nawa. Ya ce, “Mai gona ina zai samu kansa ya yi mana aiki?” Ya yi dariya, ni ma na yi.

Tsarinmu shi ne, duk wanda ya yi gyara ya tura, akwai na'urar da ke harhaɗa manhajar da kanta, ta gwada ta. In wani abu ya lalace, sai ta aika wa mai gyaran saƙo mai jan tambari, Oga ma ya ga sunansa. Abokin nan nawa shi ya kafa tsarin, shi ke kula da shi.

Wata rana muna ɗaurin damman gero waya ta yi ƙara. Jan saƙo ne, da sunana. Na hau tudun bakin rijiya inda sabis ya fi kamawa, na duba. Ban tura komai ba a ranar. Na ce wataƙila kuskure ne. Washegari wani ya shigo, bayansa wani. Da na bi sawu, sai na ga kowane saƙo yana zuwa ne jim kaɗan bayan abokin nawa ya tura nasa gyaran.

Inna ta lura da yadda nake ture kwanon tuwo in wayar ta yi ƙara.

“Wai wa ke kiranka kake ɓata rai haka?”

“Na'ura ce, Inna. Ita ke cewa na yi ɓarna.”

“Ina na'ura ta san ka? Wani dai ya ba ta sunanka.”

Maganar ta zauna mini. Daga nan ko gaisuwar abokin nawa sai na juya ta. In ya rubuto a inda Oga ke gani, “Ya jikin Baba? Ya gona?” sai in ji kamar tuna wa Oga yake yi ina gona. Ran da Oga ya bugo ya ce, “Lafiya kuwa? Sunanka ya yi yawa a jan nan,” haƙuri kawai na ba shi.

Da muka gama zuba gero a rumbu, na hau mota na shiga Kano. Na sami Oga da abokin nawa tare, na ajiye wayar a kan tebur, na dubi abokin nawa.

“Malam, me ya sa ɓarnarka ke zuwa da sunana?”

Bai ko girgiza ba. Ya ce, “Ai ɓangaren farashi kai ka rubuta shi. Na sa duk abin da ya lalace a wurin ya zo maka, ko wa ya taɓa. Na faɗa a taron da muka yi ta waya, sai dai in sabis ɗinka ya yanke a lokacin.”

Sabis ɗina kam yana yankewa. Na dubi Oga, ya ce shi bai tuna ba, amma yana iya yiwuwa. A nan take ya sa aka mayar da saƙon yana zuwa wa kowa, da sunan wanda ya tura gyaran a sama.

Tun daga ranar ɓangaren farashi ya daina lalacewa kusan gaba ɗaya, abin da ya ƙara mini zargi maimakon ya rage. Muna aiki tare har yau, ya ma zo sunan 'yata da turmin atamfa. Ban sake tayar da zancen ba. Amma duk taron da za a yi ta waya, sai na nemi a maimaita abin da aka yanke kafin a tashi.