Alkyabbar Da Na Sayo A Kasuwar Gwanjo

Abubuwa da yawa sun faru da ni a zaman karatun da na yi a Alƙahira waɗanda yanzu sai an tuna mini su, amma ƙaramar Sallar 2014 ba ta cikinsu. Ko tsufa ya kwashe mini komai, wannan rana kam ba zan manta da ita ba.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina zaune a unguwar Ard al-Liwa tare da wani abokina mutumin Damagaram. Akwai wata yarinya 'yar Katsina da ke karatun harhaɗa magunguna, wadda muka daɗe da fahimtar juna. Mahaifinta ma'aikaci ne a ofishin jakadancinmu, gidansu yana unguwar Zamalek. Ana cikin azumi ta sanar da ni cewa Abbanta ya ce in zo ranar Sallah ya gan ni. Ta kuma ja mini kunne cewa mutum ne marar yawan magana, kuma akwai wanda ya zo kafin ni aka sallame shi tun shayinsa bai huce ba.

Tun daga ranar hankalina ya koma kan abin da zan sa. Kaftanaina duk sun sha wanki sun gaji, ni kuwa so nake in shiga gidan nan a ga malami. Sai na nufi kasuwar gwanjo ta Wikalat al-Balah ina duddubawa, har na hango wata riga a rataye can ƙuryar wani shago. Alharini ce shuɗiya mai duhu, buɗaɗɗiya ta gaba, an zana tsuntsaye masu dogon wuya kamar gauraka da zaren zinare a gindinta. Hannayenta kuwa sun zubo har kusan idon sawu. Ni dai alkyabba na gani.

Na tambayi mai shagon ta wace ƙasa ce. Ya dubi rigar, ya dubi ɗan gemuna, ya ce, "Ya maulana, wannan ai manyan shehunnan gabas ne ke sa ta ranar idi. Kai ta jira." Yanzu na san shi ma bai san ko mece ce ba. Da likita ne ya shigo, da cewa zai yi rigar manyan likitoci ce.

Da na kai ta gida, abokina ya juya ta gaba da baya ya ce, "Ustaz, ni fa ban taɓa ganin shehi da tsuntsaye a riga ba."

Na ce, "Shehunnan duniya nawa ka gani?"

Ya ce, "To, shi ke nan. Allah ya ba da sa'a."

Ranar Sallah bayan mun sauko daga idi aka ɗauke wuta, kamar yadda aka saba a wannan bazarar, ga kaftanina ba guga. Sai dabara ta zo mini: in rufe gaban alkyabbar gaba ɗaya, kada a ga yamutsattsen kaftani. Na tsaya gaban madubi ina tunanin wane ɓari zai hau kan wane. A matsayina na ɗalibin ilimi na ce ai dama ce ke gaba a komai, don haka na ɗora ɓarin dama a kan na hagu, na ɗaure ƙuguna da farin hirami, na kafa hula zanna.

Tafiyar ma abin ba da labari ce. Zafi kamar a tanda, ga rigar da shafi a ciki. Na tsallaka layin dogo zuwa unguwar Mohandessin na shiga ƙaramar bas, direba ya ja ƙofa ta datse mini hannun riga ɗaya a waje. Haka muka hau gada yana kaɗawa kamar tuta, masu motoci suna ta danna mini oda. Ni kuwa na ɗauka girmamawa ce, har ina ɗaga musu hannu.

Mahaifin yarinyar da kansa ya buɗe mini ƙofa. Dogo ne, fari, da tabarau. Ya dube ni daga hula har takalmi, sannan ya ce, "Bismillah, shigo." Na durƙusa na gaishe shi, hannayen riga suka baje a kan kafet kamar na shanya su. A falon na tarar da baƙi biyu, wani dattijo ɗan Japan da matarsa, maƙwabtansu na bene na sama, sun sauko yi musu barka da Sallah. Dattijon tsohon malamin Larabci ne a ƙasarsu, ya zo Masar bincike.

Ina shiga matar ta ajiye kofin shayinta, ta rufe baki da hannu biyu. Ta yi wa mijin magana da yarensu da sauri-sauri. Shi kuma ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja. Ni a raina na ce lalle sun gane rigar manya.

Abba ya lura, ya tambayi dattijon ko lafiya. Dattijon ya yi ta kakkaucewa, Abba ya matsa masa. Daga ƙarshe ya gyara zama ya fuskance ni. Larabcinsa irin na littafi ne tsantsa, kowane wasali a wurinsa, don haka babu kalmar da zan ce ban gane ba.

Ya ce, "Ya ɗana, ka yi mini afuwa. Wannan tufa ta ƙasarmu ce, sunanta kimono, kuma mai daraja ce ƙwarai. Sai dai mai irin waɗannan dogayen hannaye, budurwar da ba ta yi aure ba ce kaɗai ke sa ta."

Matar ta taɓa mijin ta yi masa raɗa, ya girgiza kai, ta sake taɓa shi. Ya yi ajiyar zuciya.

"Matata ta ce lalle in ƙarasa. Mai rai yana ɗora ɓarin hagu ne a kan na dama. Yadda ka ɗora naka, haka muke yi wa mamaci ranar jana'izarsa."

A daidai lokacin yarinyar ta fito daga kicin da faranti, kuma ta ji komai. Na ga kofuna suna rawa a kan farantin. Ta dire shi a kan tebur ta koma da gudu, sai ga dariyarta da ta mahaifiyarta suna fitowa ta ƙofar kicin. Ni dai na gama sallamawa. Na fara neman takalmina da ido.

Abba ya cire tabarau ya goge a hankali, ya mayar. Ya ce, "Malam, wato kai budurwa ce."

Na ce, "Haka aka ce, Abba."

"Kuma ka rasu."

Na ce, "Allah ya jiƙaina, Abba."

Wallahi ban yi niyyar ba da dariya ba, bakina ne ya suɓuce. Amma mutumin nan da aka ce ba ya magana sai ya kife a kan kujera yana dariya har da hawaye, yana buga hannun kujerar. Dattijon ya rasa abin da ake ciki, sai da aka fassara masa, shi ma ya kama. Da Abba ya samu numfashi ya tambaye ni inda na samo ta. Na ba shi labari tiryan-tiryan, har da mai shago da ɗauke wuta da hannun riga a ƙofar bas. Ban rage komai ba, don babu sauran abin da zan kare.

Dattijon ya miƙe ya ce ba zai bari baƙo ya zauna a haka ba, in biyo shi sama. A can ya ciro nasa kimonon na maza, toka-toka, ba zane ko ɗaya, hannayensa daidai misali. Ya ɗora mini hagu a kan dama, ya naɗa mini siririyar ɗamara a ƙasan cibiya, ya ƙara mini wata 'yar riga baƙa a sama. Yana yi yana bayani cewa namiji a wurinsu ba ya ado da launi, adonsa a natsuwar tufar yake. Na dubi madubi na ga ashe wannan ce ta fi kama da shigar malamai.

Da muka sauko, matarsa ta karɓi shuɗiyar rigar ta shige ciki da yarinyar. Sun daɗe, har muka ci tuwon shinkafa muka wanke hannu. Sai ga su sun fito, an sa wa yarinyar rigar, an naɗa mata wata faffaɗar ɗamara mai ruwan zinare da aka ɗaure ta baya, ga mayafinta a kai, tana tafiya da ƙananan taku don rigar ba ta barin a buɗe ƙafa. Tsuntsayen nan da suka zame mini abin kunya, a jikinta sai ka ce tashi za su yi. Na sunkuyar da kai don kada Abba ya kama ni ina kallo.

Abba ya dubi 'yarsa, ya juya wurin dattijon ya ce, "Ka ce sai wadda ba ta yi aure ba ke sa wannan?"

Dattijon ya ce haka ne.

Abba ya ce, "To, ta yi ta sawa daga nan zuwa babbar Sallah. Bayan nan ba ta da dama." Sannan ya dube ni ta saman tabarau. "Kai kuma ka ce wa manyanka su same ni a Katsina. Amma su zo da kayansu na gida."

Sai da na kai bakin titi na gane abin da ya faɗa, na tsaya ina dariya ni kaɗai cikin kayan aro.

Abin da na koya a ranar shi ne, tufa ma yare ce, kuma wanda ya sa abin da bai sani ba yana iya faɗin maganar da bai yi niyya ba. Tun daga nan ba na jin nauyin tambaya kafin in ɗauki abin wasu mutane in yafa. Na kuma gane cewa rigar da na saya don a ga girmana ba ta buɗe mini ƙofar gidan nan ba. Abin da ya buɗe ta shi ne lokacin da girman ya zube, na tsaya a yadda nake na faɗi gaskiya.