Kawu Laminu da Fatar Idon Mutane

Ku da kuka san Kawu Laminu, kun san ba ya gaisuwa irin ta mutane. Ka miƙa masa hannu, shi kuwa sai ya miƙa yatsa ya ja fatar idonka ƙasa, ya leƙa. In ya ga ja, ya ce, "To, ina kwana." In ya ga fari, babu gaisuwa, sai faɗa. Shekara talatin yana jami'a a Yamai yana leƙen ƙwayoyin jini a madubin likita, ya aje aiki ya dawo mana Yekuwa da madubin cikin akwati, ya maida mu duka kayan bincike.

Ni abin da ya haɗa mu 'yata Zuwaira ce. Kullum ya ja idonta sai ya ce, "Habu, jinin yarinyar nan bai kai ba. Ku sa ta a gidan sauro, ku ba ta hanta."

Na ce, "Kawu, farar fata ce, uwarta ta biyo."

"Uwarta ma ban yarda da ita ba."

Haushi ya sa na hana a riƙa kai masa ita. Wa zai ɗauki maganar mutumin da ya tsayar da layya? Wallahi an yanka rago, mata sun hura wuta, ya ce kada a taɓa sai ya ɗiga jinin a gilashi. Ya daɗe yana leƙe, muna haɗiyar yawu, sannan ya ɗago.

"Ragon nan ya fi duk gidan nan lafiya. Kuskure aka yi wajen zaɓen wanda za a yanka."

Ranar kasuwa kuma ya tarar da Ilu wanzami yana yi wa wani ƙaho. Ilu ya nuna masa abin da ya tsotso, yana taƙama: "Dogotoro, ka ga mataccen jini." Kawu ya lakata, ya tafi gida, ya dawo da rana tsaka yana haki.

"Ilu, na duba. Jinin nan ya fi ka rai. Maida wa mutum kayansa!"

Ga rowa. Ko goro bai taɓa tsaga wa wani ba. Sauro ya cije shi, ba ciwon ne ke damunsa ba, asarar ce. Ya murje shi a tafin hannu, ya dubi jan, ya ce, "Ɓarawo! Ka san kwana nawa na yi ina haɗa wannan?"

Da damina zazzaɓi ya kwantar da Zuwaira. Kwana uku muna jiƙe-jiƙe. Rana ta huɗu da hantsi Kawu ya shigo ba sallama, ya ja idonta. Fari fat, kamar auduga. Bai ko zage ni ba. Ya sa aka kira kabu-kabu biyu sai asibitin Magariya.

Likita ya ce sai ƙarin jini, yanzu-yanzu. Aka gwada nawa, bai dace ba. Ina juyowa na ga Kawu ya naɗe hannun riga. Likitan ashe tsohon ɗalibinsa ne, ya ce, "Malam, ai shekarunku sun wuce."

"Ni na koya maka karanta jini, kai za ka koya mini ƙirga shekaruna? Soka!"

Da ledar jinin ta cika, ya dube ni yana jiri. "Habu, aro na ba ta. In ka bari sauro ya sha mini ko ɗigo, sai mun je gaban alƙali."

A ranar na sayi gidan sauro. Zuwaira ta tashi, yanzu tana karatu a lakwal, kuma ta fito da taurin kai irin wanda babu a danginmu na uba. Na kai masa ƙara, ya ce, "Ai ban tace ba kafin in bayar."

Ranar da ya rasu, da aka yi masa wanka, kafin a rufe fuskarsa, na ga yatsana ya nufi idonsa da kansa. Na janye, kuka ya ƙwace mini.

Allah Ya jiƙan Kawu Laminu, Ya yafe masa bakinsa, Ya yafe mini taurin kunnena. Ledar nan guda, ya Allah, Ka sa ya tarar da ita a mizaninsa.