Durƙusau, Mutumin da Ya Ba da Maki Ɗaya

A garinmu Zoria, can kudancin Saskatchewan a ƙasar Kanada, ba mu iya mugunta ba. Tuna wa mutum kuskurensa muka iya. Ka yi kuskure ranar Asabar, a yafe maka ranar Lahadi a coci, daga nan kuma a dinga tuna maka har ranar da za a sa ka a rami. Ba wanda ya sha wannan alheri namu kamar Merle Tollefson, mutumin Dakota ta Arewa, wanda ya shekara arba'in da shida yana neman abu guda a wurinmu, wato a ce masa ɗan gari.

Yana ɗan shekara ashirin da ɗaya ya tsallako iyaka lokacin girbin alkama, ya samu aikin tuƙa injin girbi a gonar su Stefan Boychuk. Dogo ne, in ya sheƙa da gudu sai ka rantse wani abu ya biyo shi. Samarin gari kuwa suna neman mutum, don duk shekara bayan girbi suna karawa da samarin Dunvale, garin da ke maƙwabtaka da mu, a ƙwallon runguma, mai siffar ƙwai, kuma shekara shida ke nan Dunvale na lallasa su.

Stefan ya ce, "Ba'amurke, ka iya ƙwallo?"

Merle ya yi dariya. "Ni kake tambaya? Ai mu muka ƙirƙiro ta."

"To, madalla," in ji Stefan. Ya ɗauki maganar ya adana.

Aka zaunar da shi a bayan mota aka karanta masa bambanci. A can mutum goma sha ɗaya ke shiga fili, a nan goma sha biyu. A can ana ba ka dama huɗu ka ci yadi goma, a nan uku, domin wanda ya kasa sau uku ba ya buƙatar na huɗu kafin a san halinsa. Filinmu ya fi nasu tsawo da faɗi, ƙasa dai ba ita muka rasa ba. Merle yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, yana cewa duk wannan ƙaramin abu ne.

Doka ɗaya ce ba a faɗa masa ba, saboda ba wanda ya taɓa tunanin akwai ɗan Adam da bai san ta ba. In abokan karawa suka bugo ƙwallo da ƙafa ta faɗa gidanku, wato filin da ke bayan layin ci, dole ku fito da ita, ko da gudu ko da bugu. In kuka kasa, an ba su maki ɗaya, ko da tsakanin ƙarafan cin maki suka nufa suka kuskure. A Amurka kuwa mutum kama ƙwallon yake yi ya sa gwiwa a ƙasa, alƙali ya hura usur, ba ci ba asara. Shi ya sa suke yi mana gori, wai mu kaɗai ne al'ummar da ke ba mutum lada don ya ɓarar.

Ranar wasa aka yi kunnen doki, goma sha bakwai da goma sha bakwai, saura daƙiƙa biyu. Ɗan Dunvale ya auna ƙarafa ya buga, ƙwallo ta bi gefe. Wa za ta faɗa wa in ba Merle ba? Ya cafe ta tsaf a cikin gida. Gabansa fili fetal, ko da tafiyar tsohuwa zai fita. Duk Zoria ta miƙe tsaye tana ihu, "Fito da ita! Buga ta waje!" Shi kuwa bawan Allah, cikin natsuwa, ya sauke gwiwa ƙasa yana murmushin wanda ya ceci gari. Har ɗaga ƙwallon ya yi sama don kowa ya gani. Allo ya nuna goma sha takwas da goma sha bakwai.

Stefan ya tako a hankali ya tsaya a kansa. "Kai, addu'a kake yi?"

"Na kashe wasan ne, mu tafi ƙarin lokaci."

"Ka kashe shi kam. Har ka binne."

Kafin wayewar gari sunan Merle ya ɓata, Durƙusau ya maye gurbinsa. Da mai hankali ne, da ya tattara kayansa ya koma ƙasarsu. Shi ya zauna, kuma dalilin zaman ba ɓoyayye ba ne, Halyna ce, ƙanwar Stefan. Ranar da ya je neman aurenta ya durƙusa a gabanta da zobe, sai ta dube shi ta ce, "Tashi, don Allah, kada ka ƙara wa Dunvale maki." Ta dai amince, amma da bakinta labarin ya zaga gari.

Daga nan ya duƙufa neman zama namu. Shekara talatin da uku yana aiki a rumbun alkamar gari, ba a taɓa kama shi da tauye mudu ba. In ƙanƙara ta rufe gari, shi ke fara share ƙofar tsofaffi kafin tasa. Ya koyi cin pirohi, kwaɓin fulawa mai cushen dankali, da albasa har ya fi surukarsa iya naɗe shi. Littafin dokokin ƙwallonmu kuwa ya haddace shi kamar zai yi jarrabawa, shi ke ja wa filin gari farin layi duk shekara, ba wanda ya sa shi. Da ya nemi a ba shi alƙalancin wasa, Stefan ya ce, "Doka kam ka sani, mijin ƙanwata. Gwiwar ce ba mu yarda da ita ba." Ranar da ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa muka yi masa liyafa, ba mu yi rowa ba, har da kek. A kan kek ɗin aka rubuta lamba ɗaya.

Kullum da hantsi tsofaffin gari na haɗuwa a shagon abincin Mah su sha kofi su gyara duniya. Nan ne kotun Durƙusau. Ya sunkuya ɗaure igiyar takalmi, teburi ya ɗauka, "Maki ɗaya!" Cokali ya faɗi ya duƙa ɗauka, "Biyu ke nan!" Yakan yi dariya tare da su, domin wanda bai yi dariya ba a Zoria an samu sabon abin faɗa a kansa. Amma abin yana cin ransa, kuma Halyna kaɗai ta sani.

Takan ce, "Sonka suke yi. Mu haka muke so."

"To, ku ɗan rage son mana."

Da Halyna ta rasu, 'yarsu Larissa, wadda ke aure a Minot, can Dakota ta Arewa, ta zo ta tsare shi. "Baba, ka dawo ƙasarka. Me ka ajiye a nan? Mutanen da ko sunanka ba sa kira?"

Washegari ya je shagon Mah ya sanar cewa zai koma Amurka. Ya faɗa ne a hankali, ya bar wuri tsakanin kalmomi, ko wani zai cusa "zauna" a ciki. Ba wanda ya cusa. Mu mutane ne da za mu turo maka mota daga cikin ƙanƙara da haƙarƙarinmu, amma a ce mu buɗe baki mu ce muna sonka, gara a cire mana haƙori. Stefan ya dubi cikin kofinsa ya ce, "Can dai durƙuso halal ne." Aka yi dariya, don ba a san abin da za a yi ba in ba ita ba. Merle ya tashi ya fita, ransa a ɓace ƙwarai.

A Minot ya samu abin da yake nema, ko abin da ya zaci yana nema. Kowa na ce masa Mista Tollefson. Ana buɗe masa ƙofa. Ya ɗaure igiyar takalminsa a tsakiyar kanti, ba wanda ya ko waiwayo, sai ya tsinci kansa ya daɗe a duƙe yana jira. Wata uku yana gaya wa kansa wannan shi ne kwanciyar hankali, alhali kaɗaici ne.

Wata Asabar da rana Larissa ta kai shi kallon wasan kwaleji, inda jikansa Colby ke bugawa. Aka buɗe wasa, abokan karawa suka bugo ƙwallo ta tafi can cikin gida, Colby ya cafe ta, ya sa gwiwa a ƙasa kamar yadda aka koya masa.

Merle bai san lokacin da ya miƙe ba. "Tashi, sakarai! Fito da ita! Ka ba su maki, ka ba su maki!"

Har hularsa ya jefar. Mutum dubu biyu suna zaune lafiya, tsoho ɗaya yana kururuwa a kan abin da bai faru ba. Larissa tana jan rigarsa, "Baba, don Allah ka zauna, ba Zoria ba ce." Ya dubi allo, ba ko ɗaya a kai.

Wani ƙato da ke gefensa, bakinsa cike da gugguru, ya ce, "Baba, ɗan Kanada ne kai, ko? Ku ne kuke ba mutum maki don ya ɓarar."

"Ba don ya ɓarar ba ne," in ji Merle a fusace. "Don ka kasa fitar da ita daga gidanka ne. Mu a wurinmu ba a zama a gida a ce an tsira."

Sai da maganar ta fita ya ji ta. Ya zauna, bai ƙara kallon wasan ba. Shekara arba'in da shida yana jiran wannan shaida daga bakin mutanen da ya share wa ƙofa, ga shi wani da bai san sunansa ba ya ba shi ita kyauta, da gugguru a baki.

Suna komawa gida ya ɗauki waya. Ya san sarai abin da zai yi shi ne miƙa wa maƙiyi wuƙa, amma labarin ya yi masa nauyi, kuma a duk faɗin Amurka ba wanda zai gane inda abin dariyar yake.

"Wa ke magana?" in ji Stefan.

"Durƙusau ne."

Ya ba shi labari tiryan-tiryan, bai rage ko jefar da hula ba. Stefan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, aka ji yana buga teburi. Da ya samu numfashi ya ce, "Wayyo cikina. Ba'amurke ya yi wa Amurkawa ihun maki ɗaya! Kai, ba zan faɗa musu ba, cewa za su yi na ƙara gishiri. Sai dai ka zo ka faɗa da bakinka."

"Ina zan zo? Na ba da hayar gidan."

"Ɗakin Halyna na nan a gidan gona, ba aljanu a ciki." Ya yi gyaran murya. "Ranar Alhamis zan shigo Minot da mota. Ba don kai ba, kada kanka ya kumbura. Irin shuka zan duba."

Merle ya ce to, ya ajiye waya, ya jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado. Larissa da ke tsaye a bakin ƙofa ta ji komai.

"Baba, wane irin shuka kuma? Ai Kawu Stefan ya shekara tara da daina noma."

"Na sani," in ji Merle. "Miƙo min rigunan nan."