Gudun Safe da Geron Gonata

Ni dai wauta ba sabon abu ba ce gare ni, amma wadda na tafka shekarar da aka ba ni 'yan kokowar ƙauyenmu, can wajen Dogarawa, har in shiga ƙasa tana raina. Ban taɓa kada ko akuya ba. Bakina kawai ya ja aka ce ni zan shirya samari su tari 'yan Tajaye, waɗanda suka kwashe mu ƙasa bara har mata suka yi mana waƙa.

Na taɓa gani a tele, wato talabijin, a Ƙonni, 'yan wasa suna gudun safe. Sai na sayo usur, na jera ƙattina bisa hanya, muka kama gudu. Na manta a garinmu babba ba ya gudu sai da dalili. Tsofaffi suka fito da sanduna suna tambayar ina ɓarawon. Wata tsohuwa ta tare babban ɗan kokowarmu ta ce, “Ɗana, mi ka ɗauka? Maida masu tun da girma.”

Washegari ni kaɗai na zo, ni da usur.

Ga karo ya matso, ga gerona zube a gona ba mai kwasa. Sai na tafi wajen makaɗin garinmu na ce gayya zan yi. Da la'asar ganga ta tashi, ya kama yi wa kowa kirari da sunan kakansa. Waɗanda suka guje ni suka zo da kansu, ana rige-rigen ɗaukar dami zuwa rumbu. In an gama, a gangara cikin rairayi a kama juna har magariba. Kullum haka, ban sake kiran kowa ba. Wanda bai zo ba ma, makaɗi ya saka shi a waƙa, gobe shi ne na farko.

Ranar karo babban namu ya ɗaga gwanin Tajaye kamar dami, ya aje shi a hankali.

Tun daga nan na gane, in kana son mutum ya riƙe horo kullum, ka sa masa shi cikin abin da ba ya jin kunyar yi gaban mutane, har yana jin daɗinsa.

Ana cikin yabona makaɗin ya matso kusa da kunnena ya ce, “Maigida, da geronka bai nuna ba, da mi za ka koya masu?”