Baba Zarami da Baƙaƙen Duwatsun Hanyar Tudu

Da an sallame asuba, Baba Zarami yakan naɗe wandonsa zuwa gwiwa, ya ɗauki gorarsa ya nufi fadama. Haka muka tashi muka gan shi tun zamanin 'yancin kai. Ba wanda ya ɗora masa aikin. Shi ke kula da hanyar ƙafa da ta tashi daga ƙauyenmu a ƙasar Guri, ta ratsa gonakin shinkafa, ta hau tudun da tsohon garinmu yake kafin ruwa ya tashe mu. Can kaburburan iyayenmu suke, can kuma kufan masallacinmu na farko.

Ƙasarmu laka ce da yashi, ko dutsen jifan kare ba ka samu. Mahaifin Baba falke ne, shi ya riƙa ɗauko baƙaƙen duwatsu masu huji-huji daga Biu a kan jakuna, irin waɗanda mutanen can ke cewa wuta ce ta amayo su daga cikin ƙasa. Ya jera su a gefen hanya don alama. Duk damina laka ta binne su, duk kaka Baba ya lalubo su da ƙafa ya tono. Muna yara mukan tsokane shi wai kiwon duwatsu yake yi. Sai ya ce ai gara su, ba sa shiga gonar kowa.

Shekarar da naira ta fito, Buba ɗan Hajo ya yi hayar tarakta, ya haɗe hanyar da gonarsa, ya watsar da duwatsun a bakin rafi. Baba bai kai ƙara ba. Damina na tsaka Hajo ta rasu, ta kuwa bar wasiyya a kwantar da ita kusa da mijinta a can kan tudu. Ruwa ya kai ƙugu, kwalekwale ba ya ratsa shinkafa, hagu da dama kuma ramuka ne. Waɗanda suka ɗauki makarar sun shaida cewa Buba kasa haɗa ido ya yi da kowa. Baba ya shiga gaba, ya ce:

"Ɗana, kama makarar mahaifiyarka. Inda na taka, ku taka."

Suka kai ta lafiya. Da ruwa ya janye, Buba da kansa ya kwaso duwatsun a ka, ya mayar da su gefen hanya.

Kai ne, Baba, ka hana mu zama mutanen da ba su san makwancin iyayensu ba. Wallahi ina kewar hango ƙeyarka a tsakiyar shinkafa. Bana ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni, mu kuma kwalta ta kwashe mu zuwa Haɗejiya da Kano. Mun gode, Allah Ya saka maka da Aljanna.

Jama'ar gari, ruwa ya fara janyewa, duwatsun suna ƙarƙashin laka, kowa ya fito da fartanyarsa. Na tambayi Baba abin da yake so mu yi masa na godiya. Sai ya ce:

"Ku dai tono su. Nan gaba kaɗan ta nan za ku bi da ni."