Wata Huɗu a Hannun Yaya Hajo

Assalamu alaikum, jama'a. Shekara guda ke nan da ɗoriya ban ce uffan ba a nan. Masu tambayar ko na daina ɗinki ne, ku yi haƙuri, ga amsarku.

Wata Talata da hantsi ina shagona a Gwadangaji, ina yanka atamfa, almakashi ya suɓuce mini. Na sunkuya in ɗauka, yatsuna suka ƙi kamawa. Na buɗe baki in kira maƙwabciyata Maman Joy, harshe ya yi nauyi.

Ita ta taro mai keke napep aka kai ni asibiti.

Aka auna jini, aka yi hoton kai. Likita ya ce wa maigidana, "Shanyewar ɓarin jiki ce. Hawan jini ya daɗe tare da ita, ba ta sani ba." Kafin a gama gwaje-gwaje, keken ɗinkina ɗaya ya tafi kasuwa.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Ni da ko buta ba na son a miƙo mini, ga ni kwance, sai an juya ni nake juyawa.

Washegari Yaya Hajo ta iso daga Argungu. Ita ce babbarmu, ita ta raine ni bayan rasuwar Inna. Ta baro sana'arta ta kyafa kifi, ta baro yaranta wurin surukarta. Ta shigo da tabarma a hammata, ta dube ni ta ce, "To, sarkin gaggawa, yau dai kin zamna wuri guda."

Na so in yi dariya, baki ya karkace.

Sati uku muka yi a asibiti, tana shimfiɗa a gefen gadona. Ita ke bin layin magani, ita ke juya ni kada bayana ya yi gyambo, ita ke wanka, ita ke kai ni bayi. Da aka sallame mu, ita ke ciccibata zuwa wurin gashin ƙashi a asibiti sau biyu a sati.

Yanzu ga laifina, kuma saboda shi na yi wannan rubutu.

Ba taimako muka rasa ba. Maman Joy ta zo ta ce, "Mu raba kwanaki mana. Ni Litinin da Alhamis, ko Yaya ta samu ta miƙe bayanta." Matan Islamiyyarmu suka ce su ma a sa da su. Ƙanwar maigidana ta ce za ta riƙa zuwa daga unguwar Nasarawa.

Na ƙi. Na ce ba wadda za ta ga tsiraicina, ta kwashe ƙazantata, gobe mu haɗa ido a gidan suna. Sai jinina. Har kuka na sa musu.

Yaya ta ce, "Ku bar ta. Ni nig goya ta, mi za ni gani wanda ban gani ba?"

Shi ke nan, kowa ya ja baya.

Masu dubiya kuwa ba su yanke ba. Lemo nawa, madara tawa, addu'a tawa. Yaya ita ce mai shimfiɗa musu tabarma da wanke kwanukan da suka kawo. Rabonta bai wuce "sannu da ƙoƙari" ba.

Wata rana a wurin gashi, wata nas ta ga ƙafafun Yaya sun kumbura, tana dafe kai. Ta ce, "Hajiya, taho in auna jininki, ba sai kin biya ba." Ta auna, ta sake aunawa, ta rubuta mata takarda ta ce lallai ta ga likita a ranar.

Yaya ta ƙulle takardar a bakin zani. "Sai wagga ta miƙe tukuna."

Da kunnena na ji. Ban matsa mata ta je ba, don ina tsoron idan ta tafi layin likita, wata ce za ta kai ni bayi.

A wata na huɗu na fara tsayawa da sanda, ina jan ƙafa daga ɗaki zuwa tsakar gida. Sannan ne Yaya ta ce za ta leƙo yara, sati guda ta dawo. Da za ta fita ta nuna ni da yatsa. "Kak ki yada sandag ga sai na komo. Da idona nika son in gani."

Rana ta biyar ta faɗi a gaban murhun kifinta. Irin ciwona ne, amma nata bai bar ta ta kai la'asar ba.

Na san kwana ne ya ƙare, kuma na yarda da ƙaddara. Amma ina kewarta, jama'a. Ina kewar tsokanarta, da yadda take sa tafin hannu ta share mini baki ba tare da ta kalli wurin ba, don kada in ji kunya.

Na gode wa Allah da ya tashi kafaɗuna. Na gode wa maigidana, da Maman Joy da ta dawo ta karɓe ni ba ta taɓa goranta mini ba, da nas ɗin da ta ga abin da mu 'yan gida muka kau da kai a kansa.

Idan kun je dubiya, ku tambayi mai jinya ko ta ci abinci, ko ta runtsa. Kada ku tsaya a "in da abin yi ki faɗa", ba za ta faɗa ba. Ku zaɓi rana, ku zo ku zauna, ita ta je ta kwanta. Ku roƙi masu gashi su koya wa mutum biyu ko uku yadda ake ɗaga marar lafiya. Duk ranar da aka auna majinyaci, a auna mai kula da shi.

Ke kuma da ke kwance, idan an kawo hannu ki karɓa. Kunyar da kike gudu, wata ce ke biyanta da jikinta.

Na warke, alhamdulillahi. Ranar Litinin zan buɗe shago.

Tun watan jiya likita ya ce in ajiye sanda, ƙafa ta yi ƙwari. Idan kun gan ni da ita a hanya, kada ku tambaye ni. Cewa Yaya ta yi in jira ta.